Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marubutan Labaran Tarihi: Ku Bar Jikan Bawa Ya Yi Aure Da Asalinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri ga shugabannin ƙungiyoyin marubuta Hausa, da iyayenmu da yayyenmu da suka daɗe riƙe da alƙalami, da matasa masu sakin labari shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, da masu karanta mana littattafai a rediyo da YouTube. Allah ya ƙara basira, ya sa albarka a abin da kuke samu.

Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata da ke ƙauye, kudu da birnin Kano. Ba zan ambaci sunan garin ba, kuma za ku ga dalili. Ina magana ne da yawun mutanen da ake kira jikokin bayi idan sun ba da baya, wato waɗanda kakanninsu suka yi noma a gandayen sarauta da rumadan masu hali. Ni ma a cikinsu nake. Ina kuma magana da yawun ɗalibaina, waɗanda ke haɗa kuɗin tara su sayi data don kada shafin yau na labaranku ya wuce su.

A 'yan shekarun nan labarin zamanin da ya samu kasuwa. Ko'ina ka duba masarauta ce, da yarima da gimbiya da jakadiya da dawakai. Mun yi murna da farko, don mun zaci an juyo ga tarihinmu. Da muka karanta sai muka ga an juyo ga fada kaɗai, mu kuma an sa mu a bakin ƙofa muna riƙe da mafici.

Kukanmu na farko ke nan. Bawa a labaranku ba shi da uwa, ba shi da garin da aka ɗauko shi, sau da yawa ko suna ba shi da shi. Aikinsa ya zube ya ce "an gaishe ki, ranki ya daɗe", a mare shi idan gimbiya ta tashi da fushi. Kuyanga kuwa in ba sakarya ba ce da ake dariya da ita, to makira ce mai zuba guba a fura. Wannan ya yi mana ciwo, amma da iyakarsa ke nan da ban ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda kuke warware labarin idan soyayya ta shiga. Za a taso da saurayi bawa, kyakkyawa, mai natsuwa, mai karatu, 'yar sarki ta kamu da sonsa. Fada ta hargitse, a ɗaure shi, a yi masa bulala, mai karatu ta yi kuka har ta gode Allah. Ana dab da ƙarshe sai wata tsohuwar jakadiya ta fito da zobe ko laya, ko ta nuna wani tabo a kafaɗarsa, a gane ashe ɗan sarkin wata ƙasa ne da aka sace yana jariri. Nan take a buga tambura a ɗaura aure. In mace ce baiwar, haka ita ma za a gano 'yar waziri ce. Na san kuna ganin kun yi wa bawan adalci. Ku dubi abin da kuka koyar: auren bai halatta a idon labarin ba sai da aka tabbatar ba bawa ba ne. Da a ce bawan gaske ne, ɗan bawa jikan bawa, to sarki da ya hana shi 'yarsa yana da gaskiya ke nan.

Ba zato nake yi ba. Wata rana muna tattauna irin wannan labari a aji, wata yarinya mai ƙoƙari ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, ai tun farko na gane ba bawa ba ne, bawa ba ya irin wannan halin." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ta karanta ta maimaita. Wadda suke zaune benci ɗaya da ita na san gidansu, na san abin da ake faɗa a kan gidansu. Ta sunkuyar da kai tana murza gefen hijabinta, har aka tashi ba ta ƙara cewa uffan ba, alhali ita ce mai yawan tambaya a ajin.

Ku da ke birni wataƙila kuna ganin maganar bauta ta mutu tun zamanin Turawa. A ƙauye tana nan da ranta, kuma wurin da take fitowa shi ne aure. Ana cin kasuwa tare, ana sahu ɗaya a masallaci, ana gayya tare, ana zuwa jana'izar juna. Ranar da yaro ya ce yana son yarinya, ranar ake tuna kakan wane na kakan wane ne. Binciken asali abu ne mai kyau idan hali ake bincika da sana'a da addini da lafiya. A wurare da yawa tambaya ɗaya ake zuwa yi, kuma ba a yin ta a fili.

Ɗan baffana tela ne, ya yi karatunsa na NCE, ba ya shaye-shaye, kowa a garin ya shaide shi. Ya nemi wata yarinya a garin da ke maƙwabtaka da mu. An karɓi gaisuwa, an sa rana, an kai lefe. Sai wani kawunta ya ce a dakata zai yi bincike. Bayan sallar isha'i, lokacin da ƙafa ta ɗauke, a-daidaita-sahu ta tsaya a ƙofar gidanmu aka sauke akwatunan nan yadda aka kai su, ko makullan ba a taɓa ba. Saƙon da ɗan aiken ya kawo shi ne, "An ce a ba ku haƙuri, Allah bai yi ba." Babu wanda ya tambayi dalili, domin kowa ya sani. Baffa ya ce a shigar da kayan ɗakin baya kada mata su gani su fara kuka. Yaron yanzu yana Fatakwal yana ɗinkinsa, ya ce ba zai ƙara neman aure a inda aka san kakansa ba. Haka muke asarar samarinmu masu hankali ɗaya bayan ɗaya.

Wanda aka fasa tun a waje ma ya fi sauƙi a kan wanda aka ɗaura. Macen da aka aura daga irin gidajenmu zuwa gidan masu ji da asali, zamanta lafiya ne muddin ba a yi faɗa ba. Ranar da harshe da haƙori suka saɓa, kishiya za ta ce, "Ni dai ba a sayo kakata da wuri ba." Uwar miji za ta hana a sa wa jariri sunan mahaifin matar, ta ce sunan ba na gidansu ba ne. In ta yi yaji, manyan gidan ba sa zuwa biko da kansu, sai su turo yaro, don a ganinsu ƙasƙanci ne su durƙusa a zauren mutanen da kakanninsu suka mallaka. Mijin yana sonta, amma ba zai iya buɗe baki a gaban mahaifiyarsa ba. Auren ya yi ta tangal-tangal har ya mutu, a rubuta a takarda cewa rashin jituwa ne. 'Ya'yan kuma su tashi suna jin 'yan ubansu na yi musu gorin da ba su san mafarinsa ba. Ban ce littattafanku ne suka haifar da wannan ba, ya girme ku nesa ba kusa ba. Amma kishiyar nan da uwar mijin nan suna sauraron labaranku a waya suna tankaɗe, kuma abin da suke ji yana ƙara musu ƙarfin gwiwa.

Kuka na gaba shi ne tarihin kansa, da kuke aro daga finafinan wasu ƙasashe alhali namu yana nan jibge. Bature Clapperton da ya shigo Kano a 1824 ya ƙiyasta mutanen birnin tsakanin dubu 30 zuwa dubu 40, ya ce fiye da rabinsu bayi ne. Ko an rage wani abu daga ƙiyasinsa, ya isa ya nuna cewa wanda duk ke bugun ƙirji da tsarkin asali a ƙasar nan bai bi salsalarsa ta kowane ɓangare ba. Nassarawa da Ɗorayi da Gandun Albasa da wasunku ke zaune a ciki yau, gandaye ne a da. Kuma bayi ba iri ɗaya ba ne. Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama bayin sarki ne masu dawakai da gidaje da faɗa a ji, hakimi ma yana shakkarsu, zuriyarsu na alfahari da sarautunsu har gobe. Ƙwarƙwarar da ta haihu da ubangidanta ba a sayar da ita, ɗanta ɗa ne, kuma sarakuna da dama ta wannan hanya suka zo duniya. Can nesa da su akwai mutumin rinji, wanda ke gonar ubangida daga hantsi zuwa azahar, sannan ya ja jiki zuwa 'yar gayaunarsa da sauran ƙarfin da ya rage. Shi ne mafi yawa, kuma shi ne ba ku taɓa rubutawa ba.

Ba ku rubuta yadda ake shiga bautar ba. Hare-haren Ningawa a kudancin Kano, yaƙe-yaƙen Buhari na Haɗeja, Basasar Tukurawa da Yusufawa daga 1893 zuwa 1895, duk sun kwashi mutane daga gonakinsu da bakin rijiyoyinsu, har da musulmi 'ya'yan musulmi. Tun a 1615 Ahmad Baba na Tumbuktu ya yi fatawa cewa mutanen Kano da Katsina da Barno musulmi ne, bai halatta a bautar da su ba, amma aka ci gaba da yi. Ba ku rubuta yadda ake fita ba kuma. Turawa sun ci Kano a 1903, amma ba su 'yanta bayi rana ɗaya ba. Dokarsu ta hana kamawa da sayarwa, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, iyayensa kuwa su nemi fansar kansu a gaban alƙali. Sai a 1936 aka soke bautar gaba ɗaya a Arewa. Ku tsaya ku yi tunanin gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, wa an haife shi a 1899 bawa ne, ƙane an haife shi a 1902 ɗa ne. Wane marubuci ne zai ga wannan ya tafi neman zoben sarki?

Ga labarin da ya fi kusa da ni. Mahaifiyar kakata an kamo ta tana 'yar yarinya daga wajen duwatsun kudu. Ba 'yar sarki ba ce, babu zobe, babu laya. Abin da ta zo da shi tsagen fuska ne da ba irin na garin ba, da wata waƙar raino cikin yaren da babu mai ji. Mijinta bacucane ne, an haife shi a gandu. Ubangidansa ya ba shi murgu, wato ya je ya yi sana'arsa yana biyan wani abu a kai a kai. Ya yi saƙa, ya yi dako, bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta yi kuɗi ya shiga nomanta, har ya fanshi kansa. Daga nan ya tara ya fanshe ta a gaban alƙali, kuɗin fansar ya zama shi ne sadakinta. Babu wanda ya tambaye ta ko tana sonsa. Kakata ta ce mutum ne mai zafin nema da zafin zuciya, kuma duk ranar da suka saɓa sai ya ce mata, "Da kuɗina na fanshe ki." Shi da ya san zafin kalmar, shi ne ke jifan ta da ita. Ita kuma in ta yi yaji ba ta da gidan uba, ba ta da kawu, ba ta da wanda zai zaunar da miji ya yi masa faɗa. Gidan da take tafiya shi ne gidan uwargijiyarta ta da, wadda ta mallake ta. Can za ta kwana biyu tana daka tana ɗebo ruwa kamar yadda ta saba, har ya zo ya tafi da ita. Sun haifi 'ya'ya, sun tsufa tare, kuma kakata ta ce da ya rasu ta yi kukan da ba a taɓa ganin ta yi ba. Wannan aure ne na gaske, da ƙauna da zalunci a ɗaki ɗaya, kuma irinsa na nan a bakin tsofaffi a kowane ƙauye daga Rano har Birnin Kudu.

Ba sabon abu nake roƙo ba. Cikin littattafan farko na ƙagaggun labaran Hausa da suka fito daga gasar 1933 akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma kan bauta yake, da uwar da ta bi sawun ɗanta har cikin Sahara. Magabatanku sun kalli abin ido da ido lokacin da masu bayi da bayin duk suna raye. Me ya sa ku da kuka zo bayan shekara 90 kuke kauda kai?

Na san amsar da wasu za su ba ni: a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da alheri. Iyayenmu ma haka suke cewa, kuma na fahimci tsoronsu, don shiru ne ya rufa wa da yawa asiri har suka aurar da 'ya'yansu. Amma kawun da ke zuwa bincike bai bar kazar cikin gashinta ba. Shirun mu kaɗai yake ɗaurewa, masu gori bakinsu a sake yake.

Kuma addinin da kuke yawan kafa hujja da shi a labaranku ba ya tare da sarkin nan mai hana 'yarsa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, dacewar miji da mata addini ne da kuɓuta daga aibin da ke hana zaman aure, kuma Mukhtasar, littafin fiƙihu na Shaihu Khalil, ya faɗa a fili cewa 'yantacce tsaran 'yar dangi ne. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi ya aurar da Zainab 'yar Jahshi ga Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawansa. Abu Huzaifa ya aurar da 'yar ɗan'uwansa ga Salim, 'yantaccen gidansa. Da Abu Zarri ya yi wa wani gori da uwarsa, ce masa aka yi akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Tsarin mulkin Nijeriya ma, a sashe na 42, ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda yanayin haihuwarsa. Ban taɓa karanta labarinku da alƙali ko limami ya tashi a fada ya faɗi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma muna roƙo ne da girmamawa.

Ku ajiye zoben nan da layar nan. Ku rubuta mana labarin da bawa, ko ɗansa, ko jikansa, zai nemi aure kowa ya san asalinsa, kuma labarin ya tsaya a bayansa a hakan. Ba dole ne a ƙare da biki ba. In auren zai mutu ya mutu, amma mai karatu ta rufe littafin ta san wane ne ya yi zalunci.

Ku ba matan bakin magana. Baiwar da aka fansa aka aura, da ƙwarƙwarar da ɗanta ya zama mai gari ita kuma ba ta da kwana, da uwargidan da aka kawo wa sa-ɗaka ba da shawararta ba, kowacce tana da abin faɗa, kuma yawancinku mata ne, kun fi kowa sanin yadda ake jin zafi a cikin ɗaki.

Ku yi bincike kafin ku rubuta. Takardu na nan a Gidan Adana Kayan Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa da ke Kaduna, da kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano. Akwai rubutattun shari'o'in majalisar Sarki Abbas, cikinsu har da ƙararrakin bayi da fansa. A shekarun 1970 an naɗi muryoyin tsofaffin ƙasar Kano a kaset suna ba da labarin gandaye da bakinsu. Malaman tarihi na Jami'ar Bayero sun san inda waɗannan abubuwa suke. Shugabannin ƙungiyoyi, ku shirya zama guda ku haɗa marubuta da su da malaman fiƙihu. Masu shirya gasa, ku sa wannan ya zama jigon shekara ɗaya. Masu karantawa a rediyo da YouTube, in kun ci karo da gorin asali da labarin bai tsawatar a kansa ba, ku mayar wa marubucin ya gyara kafin ku watsa shi cikin gidajen mutane.

Sai dai ku yi hattara da abu biyu. Kada ku ambaci sunan ƙauye na gaske ko gida na gaske, domin shafi ɗaya zai iya fasa auren yarinyar da ba ta ji ba ba ta gani ba, shi ya sa ni ma na ɓoye sunan garinmu. Kuma kada ku mai da abin zagin gidajen sarauta ko wata ƙabila. Jikan mai bawa bai sayi kowa ba, kamar yadda jikan bawa ba a saye shi ba. Da yawanmu ma jinin ɓangarorin biyu ne ke yawo a jikinmu.

Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda abin ya faru a kansu sun kusa ƙarewa, kowace damina sai mun binne wasu. Ku fito ƙauye da rani, bayan an gama sussuka, lokacin da mutane ke da sukunin zama. Ku fara gaida mai gari da liman, ku nemi malaman makaranta su yi muku jagora, mata su shiga wajen mata. Wadda ta ce ba za ta yi magana ba ku ƙyale ta, wadda ta yarda kuma ku faɗa mata abin da za ku yi da maganarta kafin ku kunna waya. A garinmu na riga na yi magana da wasu iyayenmu mata, sun ce in baƙin za su sauya sunaye, su zo.

Wassalamu alaikum.

Daga 'yar'uwarku,
malamar Hausa a wata makarantar ƙauye, Jihar Kano.